Ƙodar da Murja Ta Kawo Alƙahira

Murja Abdulhamid ta sauka gidana a unguwar Faisal ta Alƙahira cikin watan Maris na 2013. Ta zo da akwati biyu, da ƙullin kuka da daddawa, da wani dogon saurayi da fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka ƙanƙance. Gidana ɗaki uku ne a hawa na huɗu. Tun rasuwar maigidana nake sauke masu zuwa jinya daga Najeriya a ɗaki biyu, ina dafa musu abincin gida, ina raka su asibiti saboda Larabci. Na ga masu ciwon ido, na ga masu karaya, na ga masu neman haihuwa. Masu ciwon ƙoda su suka fi daɗewa a wurina, don haka su na fi sani.

Da na tambaye ta wane ne saurayin, ta ce ɗan Dije ne. Ban san wata Dije ba, na ɗauka 'yar'uwarta ce, na ce Allah ya ba shi lafiya. Sai da muka kwana uku na lura wushiryarsu iri ɗaya ce, kuma dukansu biyu in suna tunani sai su riƙa murza kunnen hagu. Na tare saurayin a baranda na tambaye shi gatsau. Ya yi murmushi ya ce sunansa Rilwanu, kuma ita ta haife shi, shi ne ɗan farinta.

Duk Bahaushe ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi, ba ta zama hira da shi. A gidaje da yawa abin ya yi sauƙi yanzu, amma a gidan su Murja, can Bakori, yana nan da ƙarfinsa. Tana da shekara goma sha takwas ta haife shi. Da aka yaye shi sai Dije, yayar mijinta da Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke shi zuwa Funtua. Ba wanda ya ƙwace, ba wanda ya yi kuka a gaban mutane, haka ake yi. Dije ta sa shi makaranta, sunanta aka rubuta a gurbin uwa a duk takardunsa. Murja kuwa ta koma karatu ta zama malamar firamare, shekara ashirin tana koyar da Turanci a aji huɗu. Shi kuma Rilwanu ya karanta awon fili, ya fara aiki da masu yin hanya, sai ƙodojinsa biyu suka tsaya yana da shekara ashirin da bakwai. Aka gwada dangi. Ubansa ciwon suga gare shi, Dije ta tsufa ga hawan jini. Jinin Murja ne ya dace. Abin da ya kawo su ke nan: za a cire ƙodarta ɗaya a dasa masa.

Zamansu a gidana abin kallo ne, in kana da ƙarfin zuciyar kallo. Ita take dafa abincinsa dabam, ba gishiri. Mai wankin ƙoda ba a barinsa ya sha ruwa yadda yake so, to ita take auna masa na yini a kwalba, ta ja layi da biro. In ta gama sai ta miƙo mini tiren ta ce in kai wa ɗan Dije. Yana zaune a falo, taku huɗu tsakaninsu, za ta juyo ta ce mini: Yaya Amna, a ce masa lokacin magani ya yi. Shi kuma ya ce mini a gaya wa Malama ya sha. Malama yake ce mata, kamar ɗalibanta. Na ce musu ni ba gidan waya ba ce, suka yi dariya, washegari aka ci gaba. Ranakun wanki, sau uku a mako, in mun shiga ƙaramar bas ɗin haya zuwa asibiti a unguwar Mohandessin, shi gaba ita can kujerar baya. Amma na sha ganinta tana leƙen ƙeyarsa ta tsakanin kawunan mutane duk lokacin da direba ya taka burki da ƙarfi.

Wankin awa huɗu ne. Rilwanu na da kwamfutar cinya, kuma a Facebook yana cikin wani zaure na masu ciwon ƙoda da iyalansu, mutanen ƙasashe iri-iri, da Turanci ake magana. Ta bakina ya ce ko Malama za ta so ta karanta abin da waɗanda suka ba da ƙoda suke faɗa, tunda ita ce mai Turanci. Ya buɗe mata shafi da sunanta. Ta fara zama a ɗakin jira da kwamfutar a cinya, tana danna haruffa da yatsa ɗaya. Tambayarta ta farko a zauren ita ce ko wadda ta ba da ƙoda za ta iya azumi. Mutane da yawa suka ba ta amsa, amma mace ɗaya ce ta biyo ta gefe ta tambaye ta ko tana jin tsoro.

Sunanta Shufen. 'Yar China ce, daga wani gari a lardin Hunan, tana aure a Ingila, a garin Hull, mijinta Bature ne mai gyaran tukunyar ɗumama gida. Ɗa ɗaya gare su, kuma shekara biyu kafin nan ita ta ba shi ƙoda. Turancinta da na Murja kusan ɗaya, na makaranta ne, ba sa jin kunyar juna. Kafin wata guda sun koma rubutu kullum, wani lokaci su kira juna ta Skype in ba a ɗauke wuta ba. Ni ina tsokanar Murja ina cewa ina ƙawarki mai cin shinkafa da tsinke, ita kuma ta ce ai gara ita, ta san hannunta bai taɓa abinci ba, ba kamar wasu masu lasar yatsa ba.

Da yamma muna gyaran ganye Murja take fassara mini labaran Shufen, kuma yawancinsu a kan mata biyu ne: uwarta da surukarta. Surukar, Baturiya mai suna Morin, gidanta tafiyar minti goma ne daga nasu, amma ɗanta ba ya zuwa sai ya buga waya ya tambaya ko tana da lokaci. Ita kaɗai take zaune da kyanwa, kuma ta rantse ba za ta tare gidan ɗanta ba ko da ƙafa ta daina ɗaukarta. Lokacin da aka yi wa jikanta aiki, ta zo asibiti da furanni da kati, ta rungume Shufen, ta yi kuka sharɓe-sharɓe, ta ce mata ke jaruma ce, ina alfahari da ke, ina son ki. Bayan minti ashirin ta kalli agogo ta ce kada ta takura musu, ta tafi. Uwar Shufen kuwa ta taso tun daga Hunan, matar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Da ta shigo ba ta rungumi kowa ba. Ta dubi 'yarta ta ce ta rame, ta ce gidan ƙazanta, ta ce mijin bai iya sayen kaza ba. Wata shida ta yi tana kwana a kujerar falo, tana dafa romo iri-iri, ta hana Shufen taɓa ruwan sanyi, tana faɗa daga safe har yamma. Ranar komawarta, a filin jirgi, abin da ta ce kawai shi ne a riƙa sa safa.

Murja ta ce mini ashe Sinawa 'yan'uwanmu ne. Na ce ai kuwa, musamman wajen faɗa. Amma akwai inda suka kasa gane juna. Shufen ita kaɗai ce a wurin iyayenta, a lokacinsu hukuma ɗa ɗaya ta yarje wa mutanen birni. Ta ce a can yaro ɗaya manya shida ne a kansa, uwa da uba da kakanni huɗu, kowa na tura masa abinci a baki, in sun tsufa kuma duk su shidan a wuyansa suke. Murja ta kasa gane yadda hukuma za ta ƙayyade wa mace haihuwa. Ita kuma Shufen da ta ji an ɗauki Rilwanu yana shekara biyu an ba wata, ta yi kwana biyu tana tambaya: laifi kika yi? Talauci ne? Murja ta ce ba ko ɗaya, kara ce da kunya. Ta nemi kalmar Turancin da za ta ɗauki kara ta rasa. Shufen ta kai labarin wurin tsofaffin biyu. Morin ta ce wannan zalunci ne, a ƙasarsu da hukuma ta shiga. Uwar Shufen ta ce a ƙauyensu dā ana ba ɗan'uwan da bai haihu ba ɗa don kada gidansa ya mutu, ba ta ga abin mamaki ba, ta tambaya ko yaron yana cin abinci.

Wata rana Murja ta bar kwamfutar a buɗe ta shiga wanka. Ba zan yi ƙarya ba, na karanta. Turancina na sakandare ne amma ya ishe ni. Matar da ba ta iya miƙa wa ɗanta kofi, a nan ta rubuta sunansa, harafi bakwai, sau ba adadi. Ta rubuta cewa ranar da Dije ta goya shi suka fita, ita tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗaga kai ba, kuma nononta ya yi mako guda yana zuba. Ta rubuta cewa duk ƙarshen zango takan bi ta hannun wani malami a Funtua ta ji sakamakon jarrabawarsa. Ta rubuta cewa ba ta tsoron wuƙar likita, abin da take tsoro shi ne a kwantar da su ɗaki ɗaya bayan aiki, don ba ta san me za ta ce masa ba. Na rufe kwamfutar na koma kicin.

A Masar ba a dashen ƙoda sai wani kwamiti ya zauna da mai bayarwa da mai karɓa. Dalilinsu mai kyau ne, ni ma na sani. A unguwar nan tamu an sha samun talakawa, yawanci 'yan gudun hijira, da dillalai suka yaudara suka raba su da ƙodarsu. Don haka kwamitin yana so ya tabbatar dangi ne na gaske, kuma ba tilasta mai bayarwa aka yi ba. Shufen ta san irin wannan zama, an yi mata a Ingila. Ta ce ita ma ta kusa faɗuwa, don da aka tambaye ta me ya sa za ta ba da ƙodarta, ta ce wajibinta ne. A China wannan ita ce amsar mutumin kirki. Baturiyar da ke tambayar kuwa ta ji kamar an ɗora mata dole ne, ta fara rubuce-rubuce. Morin ce ta zaunar da ita a kicin ta koya mata yadda ake yi: ki kalli idon mai tambaya, ki faɗi sunan yaron, ki ce kina son sa, ki ba da labarin ranar da kika haife shi, in hawaye ya zo ki bar shi. Shufen ta ce abu ɗaya ke nan da ta yarda Turawa sun fi su, sun iya faɗin abin da ke cikinsu ga baƙo.

Sai ta ɗauki koya wa Murja. Mako biyu ina jin su ta Skype, Shufen ta sa tabarau ta haɗe rai ta zama likita, tana tambaya, Murja na amsawa da Turanci. In ƙofa a rufe take, Rilwanu ba ya gida, amsoshin suna fita tsaf. Shufen ta kuma ce a kai hotuna, ita kundi guda ta kai. Aka bincika, aka buga waya Bakori da Funtua, babu hoto ko ɗaya a duniya da Murja da Rilwanu suke ciki tare. Na tsayar da su a baranda na ɗauka da wayata. Ya tsaya a wannan ƙarshe, ta tsaya a wancan, kanta a ƙasa. Da na duba hoton na ga gara ma babu.

An sa zaman ranar Talata ta ƙarshen watan Yuni. Ana saura kwana biyu sai ga Alhaji Sada, yayan mijin Murja, ya sauka daga Kano. Shi aka wakilta ya sa hannu a madadin ƙaninsa. Dattijo ne mai fara'a, ya kawo mini kilishi, ba ni da abin da zan ce ya yi mini. Ranar zaman aka hana ni shiga, wai mai saukar da baƙi ba a bambanta ta da dillaliya. Na zauna a baranda. Tafinta wata ma'aikaciyar asibitin ce, Mahasin, Bahausar Sudan, kakanninta ne suka zo daga ƙasar Hausa. Ita da Murja suka ba ni labarin abin da ya faru, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Likitoci biyu ne da wata mata lauya. Da aka kira Murja, Alhaji Sada ya miƙe ya bi ta, ya ce shi ne waliyyi. Aka bar shi. Ya zauna dab da ita ya ɗora hannu a kan sandarsa. Babban likitan ya ce a yi da Hausa don kada a samu kuskure, ya tambaya mene ne mara lafiyan a wurinta. Murja ta sunkuyar da kai. Mahasin ta maimaita.

“Ɗan Dije ne,” in ji Murja.

“Hajiya, tambayarki ake, ke kika haife shi?”

“A gidanmu aka haife shi.”

Aka ce ta faɗi cikakken sunansa. Ta ce yana cikin takarda. Aka tambaye ta me ya sa take son ba shi ƙodarta, ta ce haka aka yanke a gida. Mahasin ta fassara kamar yadda aka faɗa, aikinta ke nan. Lauyar ta ajiye biro tana kallon Murja. A nan ne Alhaji Sada ya ga ya kamata ya taimaka. Ya gyara murya ya ce a gaya wa likitoci su kwantar da hankalinsu, wannan mata ce mai biyayya, shekara kusan talatin tana gidansu ba ta taɓa musa abin da aka umarce ta ba.

Da aka shigo da Rilwanu shi kaɗai, ya faɗa musu gaskiya, ita ta haife shi. Suka nuna masa takardun makarantarsa, sunan uwa Khadija. Suka tambaye shi me yake kiran matar, ya ce Malama. Suka tambaye shi ya taɓa zama gida ɗaya da ita, ya ce sai a nan Alƙahira. To ku sa kanku a kujerar mutanen nan. Mace ta ƙi cewa ɗanta ne, ta ƙi faɗin sunansa, ta ce a gida aka yanke, ga wani dattijo a gefenta yana yabon biyayyarta. Ko ni ce ba zan sa hannu ba. Suka ce an ɗage, sai an kawo gwajin DNA, da shaidar haihuwa, da wasiƙa daga ofishin jakadanci. Sai a lokacin Mahasin ta tuna kakarta ma ba ta kiran sunan babban kawunsu. Ta bi likitan tana yi masa bayani, ya ce mata ma'alesh, wato ta yi haƙuri, kowane dillali da irin labarinsa.

A mota Alhaji Sada yana ta mamaki, wai Larabawa ba su san mutunci ba, ya za a ce mace ta kama sunan ɗan farinta a gaban yayan mijinta. Ya ce shi kam Murja ta burge shi. Na ce masa Alhaji, burgewar nan ta hana yaro ƙoda. Na ce da ka zauna a baranda kamar yadda na zauna, da yanzu an sa ranar aiki. Ya ce ni ba ni da ladabi. Na ce an daɗe ana faɗa. Bai ƙara cin abincina ba har ya koma.

Da muka iso gida na bi Murja kicin. Ta ɗauki wuƙa da albasa ta riƙe, ba ta yanka ba.

“Na buɗe bakina, Yaya Amna,” ta ce. “Wallahi na buɗe. Ina jin numfashinsa a gefena, sai abin ya ƙi fita.”

Na so in yi mata faɗa, na shirya maganganu tun a mota. Amma ni ma nawa ɗan farin yana Gusau, shekararsa talatin, kuma Babangida nake ce masa, ba sunansa ba ne.

Shufen ta fi ni fushi. Ta rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga kwamitin, Morin ta gyara mata Turancin, har tsohuwar ta ce a ba ta lambar asibitin ta buga da kanta. Na kai wasiƙar, aka karɓa aka sa a fayil, ba na jin wani ya buɗe ta. Uwar Shufen kuwa ta aiko cewa da ita aka yi wa tambayoyin nan a gaban dangin miji, amsar da za ta bayar ke nan, kuma kada a dami matar, a ba ta romo.

Daga nan sai lokaci ya fara cin mu. Ƙasar ta rikice a farkon Yuli da sojoji suka kifar da gwamnati, azumi ya shigo, ofisoshi rabin yini. A gida aka haifi Rilwanu, babu takardar asibiti, sai da aka je kotu a Funtua aka yi rantsuwa, aka nemi mai zuwa ya kawo. A tsakiyar Agusta aka yi kashe-kashen masu zanga-zanga, aka sa dokar hana fita, hanyoyin ɓangarenmu na Giza a rufe. A wannan makon wanki biyu ya wuce shi. Ƙafafunsa suka cika, ba ya iya kwanciya sai a zaune. Jijiyar hannunsa da ake wankin ta ciki ta toshe, aka koma sa masa roba a wuya. Duk mai jinyar ƙoda ya san robar wuya ba abin daɗewa da ita ba ce, ƙwayar cuta take shiga ta nan. Murja ta ci gaba da jan layi a kwalbar ruwa, layin yana yin ƙasa. Ba ta daina aike ta bakina ba. Abin da ya canza kawai, ta daina zama a kujerar baya a mota, ta dawo bayansa daidai.

Sakamakon gwajin ya fito a tsakiyar Satumba, ya faɗi abin da duk mai ido ya gani. Aka sake zama ranar ƙarshe ta watan. Wannan karon Murja ita kaɗai ta shiga. Mahasin ta ce mini ba a ma gama tambayar ba ta ce ni na haife shi, ta faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, da ranar, da cewa ana ruwa. Ta ce muryar ƙasa-ƙasa ce sai da ta matsa kusa. Aka sa hannu nan take, lauyar har ta taso ta dafa kafaɗarta. Rilwanu bai ji ba. Yana hawa na uku na asibitin a kwance, kwana biyu ke nan da zazzaɓi ya kama shi. Likita ya ce ba a dasa ƙoda a jikin da cuta ta shiga jininsa, sai ya warke tukuna.

Kwana tara ya yi. A na huɗu hankalinsa ya dawo sosai, har ya tambaye ni ko an sa hannu, na ce an sa, ya ce alhamdu lillahi, a gaya wa Malama ya gode. Tana tsaye a bakin ƙofa. Na ja ta waje na ce ta bar ni in kawo kwamfutar in karanta masa abin da take rubuta wa Shufen. A nan ta gane na karanta. Ta dube ni, ba ta yi fushi ba, ta ce a'a, in ya tashi bayan aiki ita za ta san yadda za ta yi. Na bi maganarta. Ni da ba na bin maganar kowa, ranar na bi, kuma har yau ina jin haushin kaina. Washegari aka mayar da shi ɗakin da ba a shiga. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, saura kwana shida Babbar Sallah.

Ɗaliban Azhar 'yan ƙasarmu suka zo da yawa, su suka yi masa wanka da salla, aka kai shi maƙabartar da ke hanyar Sitta Oktoba. Mu mata muka zauna a falona. Murja ta yi alwala, ta sa hijabi, ta ce in kira mata Funtua. Da Dije ta ɗauka muna jin kukanta daga inda muke zaune. Murja ta jira har ta lafa.

“Yaya, ya haƙuri?” ta ce. “Allah ya ɗauki abinsa. Ki yi haƙuri, kin yi masa duk abin da uwa take yi. Allah ya ba ki dangana.”

Ta ajiye wayar ta koma ta zauna, tana amsa gaisuwar mutane da sannunku da zuwa. Wata matar ɗalibi ta raɗa mini cewa ba ta taɓa ganin mace mai tawakkali irin wannan ba. Na ce ta tashi ta je ta duba shayi. Da la'asar Shufen ta kira, ni na rubuta mata da safe da ɗan Turancina. Murja ta buɗe kwamfutar a nan cikin mutane. Ga Shufen fuska duk ta kumbura, ga Morin a bayanta ta dafa ta tana share ido da hankici. Sun kai minti biyu suna kallon juna, Shufen na ta magana tana kuka. Murja ta ce mata ta gode, tana da baƙi, za ta rubuto. Ta rufe.

Ta yi mako uku kafin a samu jirgi. Ta wanke kayansa ta ninke, ta ce na Dije ne. Kwamfutar ma ta saka a ciki, na ce to da me za ki riƙa magana da ƙawarki, ta ce akwai shagon intanet kusa da makarantarsu. Na ji daga baya tana zuwa duk Asabar, kuma ta koma ajinta na huɗu.

Ranar tafiya muna jiran tasi a ƙofar gida, matar mai gadin benenmu, Basa'idiya, wato 'yar kudancin Masar, mai yawan magana, ta fito ta rungume Murja tana yi mata addu'a. Ta ce in tambaye ta ko tana da wasu 'ya'yan a gida, su nawa ta haifa duka. Na fassara. Murja ta ce huɗu. Matar ta ce to Allah ya raya mata ukun da suka rage. Na buɗe baki zan gyara, don na san huɗun su ne na gida, ƙannensa, ba ta taɓa sa shi cikin lissafi ba tun yana da rai. Murja ta riƙe hannuna ta ce amin. Tasi ta zo, direban ya ce yalla, wato mu tafi, muka sa akwatunan a baya.